Bosaita tana kai ka kan takarda, harsashi ne ke kai ka tsakiya

Sabon madubin hangen nesa da aka ɗaura a kan bindiga bai san inda bututu yake kallo ba. Ka ɗaure shi tamau, ka zauna a yadi 100 ka harba, sai ka nemi ramin harsashi a takardar bara ka rasa. Sama ya bi ko ƙasa, dama ko hagu, ba mai iya gaya maka. Haka mutum zai ta ƙona harsasai yana murɗa madubi da ka, har akwati ya ƙare. Wannan asarar ce bosaita, wato na'urar da ke nuna inda ramin bututu ya dosa, yawanci da hasken leza, ta zo ta toshe. Ina amfani da ita duk lokacin da na sauya madubi ko na kwance shi, kuma ina ganin amfaninta. Amma ina yawan jin mutane suna cewa sun gama saita bindigarsu da leza a cikin ɗaki, ba sai sun je filin harbi ba. Wannan maganar ce ta sa na zauna rubutun nan, domin ba haka abin yake ba.

Hasken leza miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa. Harsashi kuwa tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa take jan sa. Ɗauki harsashin .308 Winchester mai nauyin giren 150 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), wanda ke fita da gudun kusan ƙafa 2,800 a daƙiƙa. Kafin ya kai yadi 100 ya ci kamar kashi ɗaya cikin tara na daƙiƙa, kuma a wannan ɗan lokacin ya sauka inci biyu da 'yan kai daga layin bututu. Ga shi kuma madubin ba a cikin bututun yake ba, a samansa yake zaune, yawanci da tazarar inci ɗaya da rabi a bindigar farauta mai sakata (ƙarfen da ake ja da hannu a ɗura harsashi), sama da inci biyu da rabi a bindigogi irin su AR-15. Ke nan layi uku ne a maganar: layin ido ta cikin madubi, layin bututu, da hanyar da harsashi ke bi. Bosaita layi na biyu kaɗai ta sani. Ba ta san nauyin harsashinka ba, ba ta san yadda bututunka ke girgiza idan albarushi ya tashi ba, ba ta san yadda kake dafe gindin bindiga a kafaɗa ba. Bututu yana kaɗawa a lokacin harbi, kuma inda bakinsa yake a daidai lokacin da harsashi ya fita shi ke yanke inda zai sauka. Shi ya sa harsasai biyu masu nauyi ɗaya daga kamfanoni biyu za su iya sauka a wurare daban daga bindiga ɗaya.

Iri huɗu na bosaita na sani. Akwai mai kamar kwanson harsashi, ta tagulla, da ake sa wa a mazaunin harsashi a rufe sakata a hankali, haske ya bi ta cikin bututu ya fita. Kowane girman harsashi da tasa, sai dai waɗanda suka fito daga kwanso ɗaya suna iya tarayya: ta .308 tana zama a .243 da 7mm-08, ta .30-06 tana zama a .270. Akwai mai sanda da ake zurawa ta bakin bindiga, tana zuwa da 'yan robobi masu girma daban-daban da ke riƙe ta a tsakiyar rami. Akwai mai maganaɗisu da ke manne wa a fuskar bakin bindiga. Sai kuma wadda ba ta da leza sam, ɗan gilashi ne mai zanen murabba'ai a ciki, ana kafa ta a baki, ka leƙa ta madubinka ka ga zanen, ka kawo gicciyen madubi, wato layuka biyun da suka gitta juna a cikinsa waɗanda ake auna bara da su, tsakiyar zanen. Ita wannan ba ta buƙatar batir ko bango ko tazara, a kan tebur ake gama komai.

Ni mai kamar harsashi na fi so, don ba na son komai ya riƙa gogar leɓen bakin bututu. Wannan leɓen shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, idan ya sami tabo bindiga ta fara watsa harsashi. Aibinta shi ne yawancinsu ba su da makunni: da ka ɗaura murfin batir ta kama, kuma 'yan batiran nan masu kamar maɓallin riga ba sa daɗewa. Don haka ina shirya komai tukuna, batir ne abu na ƙarshe da nake sakawa. Maganar launi kuma, jan haske yana ɓacewa a hasken rana tun kafin yadi 25, kore ya fi fitowa saboda ido ya fi kama shi. Wanda yake da ja ya yi aikinsa da sassafe ko da yamma, ko ya sami takarda mai ƙyalli. Ko wane launi ne, ba a haska shi a idon mutum ko na dabba.

Kafin a taɓa na'urar, a cire gidan harsashi, a buɗe sakata, a duba mazaunin harsashi da ido, a sa yatsa a taɓa. Ni har ɗakin nake fitar da harsasai daga ciki, musamman da yake na'urar kanta kama take da harsashi, hannu yana iya ɗaukar wanda ba shi ba. Kuma ko babu komai a ciki, bakin bindiga ba ya kallon inda mutum zai iya giftawa.

Sannan madubin kansa. Ba a saita abin da bai zauna ba. Na fara da tazarar ido: in ɗaga bindiga ido a rufe, in kwantar da kumatu yadda na saba, in buɗe ido. Idan hoton ya cika ba baƙin zobe a gefe, to madubin yana inda ya kamata, yawanci inci uku zuwa huɗu daga ido, wanda shi ke hana shi sarar gira idan bindiga ta yi baya. Sai in tabbatar gicciyen bai karkace ba. Igiya mai ɗan nauyi a ƙasa, a rataye ta nesa kaɗan, ta ishe ka: layin tsaye na gicciye ya bi ta daidai alhali bindigar tana zaune sak. Madubin da ya karkace yana da mugun hali, kana murɗa shi sama yana tafiya sama da gefe a lokaci guda. Sukurorin zobban da ke riƙe madubi kuma a ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, da ƙarfin da kamfanin ya rubuta. Da yawa suna cewa tsakanin inci-fam (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 15 zuwa 18. Wanda ya matse fiye da kima yana iya lotsa jikin madubin, mamurɗan da ake saita shi da su su daina tafiya daidai.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne mayar da mamurɗan tsakiya, musamman idan madubin daga wata bindiga aka ciro shi. Ka murɗa a hankali har ya tsaya, kada ka tilasta, sannan ka koma ɗaya ƙarshen kana ƙirga ƙas-ƙas ɗin, ka raba biyu ka dawo. Madubin da ke da MOA 60 daga ƙarshe zuwa ƙarshe (MOA ma'aunin kusurwa ne, kusan inci ɗaya a yadi 100), mai kwatan MOA a kowane ƙas, zai ba ka ƙas 240, tsakiya 120. Amfanin wannan zai fito nan gaba kaɗan: idan ka kunna leza ka ga sai ka cinye kusan duk murɗin gefe ɗaya kafin gicciye ya iso ɗigon, to matsalar tana ga zobba ko gindin da suka hau, kuma can za ka koma ka gyara. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin mallakar bosaita, domin ta tona maka ɗauri marar kyau tun kana gida.

Yanzu sai tazara, kuma nan ne lissafi yake da daɗi. Na fi son yadi 25. A kafa bindiga a kan buhunan yashi ko maƙalar da ba ta motsi, a manna farar takarda, a kunna leza. Yawancin mutane kai tsaye suke ɗora gicciye a kan ɗigon. A yadi 25 wannan ba laifi ba ne, amma ka san abin da ka yi. Ka sa layin bututu ya haura inci ɗaya da rabi a cikin yadi 25 don ya haɗu da layin ido, kuma ba zai tsaya nan ba, haurawa zai ci gaba da yi. A yadi 100 zai kasance inci huɗu da rabi a saman layin ido. Cire inci biyu da 'yan kai da harsashi ya sauka, sai ka ga .308 ɗinka ya bugi kamar inci biyu a saman tsakiya. Yana kan takarda, buƙata ta biya. Ni dai nakan bar ɗigon kamar rabin inci a ƙarƙashin gicciye, domin nan ne layin bututu yake wucewa a yadi 25 idan ana son harsashi ya faɗa tsakiya a yadi 100.

Duba kuma wanda ya yi nasa a cikin ɗaki, bango yana yadi 10, ya ɗora gicciye daidai kan ɗigo. Shi ya tilasta wa bututu haura inci ɗaya da rabi a cikin yadi 10 kacal. A yadi 100 layin bututunsa ya kai inci goma sha uku da rabi a sama, harsashi ya wuce kamar inci goma sha ɗaya a saman inda ya auna. Ƙaramar takarda ce, ya tsallake ta, sai ya ce na'urar ce ta banza. Idan dole a ɗaki za ka yi, auna tazarar tsakiyar madubi da tsakiyar bututu, ka zana ɗigo biyu a takarda, ɗaya a saman ɗaya, da tazarar da ta ɗan gaza wannan, kamar inci ɗaya a yadi 10. Leza a na ƙasa, gicciye a na sama. Mai AR-15 ya fi kowa buƙatar wannan, tun da madubinsa ya fi tsayi.

Gefe kuwa, dama da hagu, babu wani lissafi. Gicciye da ɗigo su tsaya a layi ɗaya na tsaye, shi ke nan.

Akwai wani abu da ke rikita kusan kowa a karon farko. Rubutun UP (sama) da R (dama) da ke jikin mamurɗai suna magana ne a kan inda harsashi zai koma, ba inda gicciye zai koma ba. Idan ka murɗa wajen UP alhali bindiga tana kafe, gicciyen ƙasa yake sauka a idonka. Sai ka ɗaga bakin bindiga don ka mayar da shi kan bara, harsashi ya hau. To a aikin bosaita bindigar ba ta motsi, gicciyen kake kai wa wajen ɗigo. Hanya mafi sauƙi da nake bi ita ce in ɗauki ɗigon leza kamar ramin harsashi ne. Yana ƙasa da gicciye fiye da yadda nake so, in murɗa UP. Yana hagu, in murɗa R. Da wannan tunanin rubutun jikin mamurɗin bai taɓa yi mini gardama ba. Wanda ya ce a ransa "gicciye nake so ya sauka, bari in murɗa ƙasa", zai ga tazarar tana ƙara buɗewa.

Ƙas nawa za a yi? MOA ɗaya kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri, wanda a yadi 100 ya kama inci 1.047, a ce inci ɗaya. Madubi mai kwata yana buƙatar ƙas 4 don inci ɗaya a yadi 100. Amma kusurwa ce, tana tsukewa idan an matso: a yadi 50 ƙas 8 ne, a yadi 25 ƙas 16. Mutum ya ga tazarar inci uku a yadi 25, ya yi ƙas 12, ya ga kamar ba abin da ya motsa, alhali 48 ake nema. Masu madubin mil, wanda shi ma wani ma'aunin kusurwa ne, nasu ya fi sauƙi idan da mita suke aiki: ƙas ɗaya na 0.1 santimita ɗaya ne a mita 100, ƙas 4 ke nan don santimita ɗaya a mita 25. Da leza ma ba sai an ƙirga ba, kana leƙe kana murɗawa har su haɗu. Ƙirgan yana zuwa ne lokacin harbi.

A kusa haka motsin kai ma yana iya yaudarar ka. Yawancin madubban farauta an daidaita su ne don yadi 100, na ƙananan bindigogi irin .22 kuma sau da yawa yadi 50. A yadi 25, idan ka ɗan kaɗa kai, za ka ga gicciye yana yawo a kan takarda alhali bindiga ba ta motsa ba. Idan madubinka yana da mamurɗi na uku a gefe ko zobe a gaba don gyara wannan, kai shi 25. Idan babu, rage girman hoto zuwa mafi ƙanƙanta, ka ajiye kumatu wuri ɗaya kowane leƙe.

Na'urar ita ma a gwada gaskiyarta, don masu araha da yawa haskensu ba ya fita daga tsakiya sak. Gwajin ba wuya. Ka yi alama inda ɗigon ya tsaya, ka buɗe sakata ka juya na'urar kwata, ka rufe, ka sake alama, har ka zagayo. Idan alamomin sun taru wuri ɗaya, madalla. Idan sun zana da'ira, tsakiyar da'irar ce inda bututu yake kallo. Da'ira mai faɗin inci ɗaya a yadi 25 tana nufin kuskuren rabin inci, wanda zai zama inci biyu a yadi 100. Don kai wa kan takarda wannan ba komai ba ne. Don harbin dabba kuwa, inci biyu na na'ura, a ƙara da na bututu, a ƙara da na hannu, sun isa su mayar da harbin da zai kashe nan take ya zama rauni, dabba ta gudu ta je ta mutu a wahale. Ban ga uzurin da mafarauci zai bayar a kan haka ba.

Zan faɗi gaskiya, mai bindigar sakata yana iya rayuwa ba bosaita. Ya zare sakatar, ya kafa bindiga, ya leƙa ta cikin bututu daga baya har ya ga baƙin da'irar bara a tsakiyar ramin, sannan ya ɗago kai ba tare da ya taɓa bindigar ba ya kawo gicciye wurin. Ido yana da gwanintar sa da'ira a tsakiyar da'ira, kuma sau da yawa sakamakon bai gaza na leza ba. AR-15 ma ana raba samanta da ƙasanta, a zare sakata a leƙa. Inda na'urar ta zama dole shi ne bindigogin da ba a iya leƙa su ta baya, irin masu hannun lilo a ƙasa, masu famfo, da da yawa daga cikin masu sake ɗura kansu.

An gama da leza, sai a cire ta. Wannan ba tunatarwar cika baki ba ce. Mai sanda da aka manta a bakin bindiga toshewa ce, kuma harsashi idan ya tarar da toshewa bututu yana tsagewa, ƙarfe ya watsu kusa da fuska da hannu. Dokata ita ce ba na buɗe akwatin harsashi sai na ga na'urar da robobinta duka a cikin kwalinsu an rufe, sannan in leƙa bututun in ga haske ya ratsa.

A filin harbi da aka amince da shi, mai tudun tare harsashi a baya, nakan fara a yadi 25 da babbar takarda. Harbi ɗaya ya isa ya nuna mini ina nan. Idan bindigar tana zaune da kyau a buhuna, akwai dabara mai rage asara: bayan harbin, ka mayar da gicciye daidai inda ka auna, ka riƙe bindigar kada ta motsa ko kaɗan, ka murɗa har gicciyen ya hau kan ramin harsashin. Da wani a kusa ya fi, kai ka riƙe kana leƙe, shi yana murɗawa kana ce masa ƙara, ƙara, tsaya. Daga nan in koma yadi 100 in harba uku, a natse, ina jan kunama a hankali. Ba na bin rami ɗaya-ɗaya. Tsakiyar ukun nake aunawa da ma'auni, in ga inci nawa ne sama ko ƙasa, inci nawa ne gefe, in mayar da su ƙas, in murɗa, in sake uku. Wanda ke murɗawa bayan kowane harbi kuskuren hannunsa yake bi, ba zai taɓa kama shi ba.

A bar bututu ya huce tsakanin rukuni da rukuni, musamman siririn bututun farauta, wanda da ya yi zafi yake fara sauya inda yake jefawa. Harbin da ke da muhimmanci a daji na farko ne, daga bututu mai sanyi, don haka shi nake so saitina ya dace da shi. Kuma da harsashin da zan yi amfani da shi nake saitawa. In na sauya nauyi ko kamfani, na koma takarda.

Bayan harsashi ya tabbatar da saiti, ina mayar da bosaitar cikin bindiga, ba don in gyara komai ba. A yadi 25 nake kafa farar takarda, in ɗora gicciye a kan wata alama, in zana inda ɗigon ya faɗa. Kusan kullum ba ya inda na bar shi da farko, ya ɗan kauce gefe ko ƙasa, kuma wannan kaucewar ita ce halin wannan bindigar da wannan harsashin. Ina rubuta sunan bindiga da nauyin harsashi da tazara a jikin takardar, ina kuma yi wa na'urar ɗan ɗigon fenti don ta riƙa shiga ta fuska ɗaya kowane lokaci. Ranar da bindiga ta faɗi, ko ta sha jijjiga a doguwar tafiya, in fito da takardar in kunna leza. Idan ɗigon ya koma mazauninsa, madubi bai gusa ba. Idan ya kauce da inci ɗaya, to inci huɗu ke nan a yadi 100, sai in duba sukurori tukuna, sannan in koma filin harbi.